Muhawara: Shin awon yanayi da na ruwa yana cikin yaƙi da sauyin yanayi?

Bashir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk taron sauyin yanayin da aka yi, sai ka ji ana kiran a zuba kuɗi a hukumomin hasashen yanayi da na kula da koguna na ƙasashe. Ni a ganina awo ba magani ba ne. Hayaƙin kwal da fetur da gas ne ke ɗumama duniya, ko an kafa ma'auni dubu ba zai rage komai daga zafin ba. Ga taurarin ɗan'adam sun cika sama, ga manhaja a waya tana gaya maka ko za a yi ruwa gobe. To me ya rage wa hukumar ƙasa? Ba gara a kai kuɗin ga sola da dashen itatuwa ba?

Malam Sabo: Wa'alaikumus salam. Ɗana Bashir, bari mu fara da manhajar nan ta wayarka, domin awon yanayi ne aikin da na yi har na yi ritaya. Manhajar ba ta auna komai, abin da wasu suka auna take kawo maka.

A kowace tashar awo za ka tarar da wani farin akwatin katako mai ƙananan tagogi, an ɗaga shi sama da ƙasa kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a fili, nesa da gini da inuwar itace. A cikinsa ma'aunin zafi yake. Gefe kuma ga ma'aunin ruwan sama: mazurari a sama, kwalba a ƙasa. Kullum a lokaci guda ma'aikaci zai zo ya juye ruwan a gilashin awo, ya durƙusa ya daidaita idonsa da saman ruwan, ya karanta, ya rubuta. Milimita 1 na nufin lita 1 ta sauka a kan kowane murabba'in mita. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ya zo ya rubuta sifili, domin sifili daban, gurbin da ba a rubuta komai ba daban. Sifili na cewa mun duba, babu. Gurbi kuwa na cewa ba wanda ya duba.

Sannan akwai balan-balan. Sau biyu a rana, ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT, ɗaruruwan tashoshi a faɗin duniya ke sakinsa a lokaci ɗaya, ɗauke da 'yar na'urar da ke auna zafi da laima da matsin iska, ya yi ta hawa har wajen kilomita 30 kafin ya fashe. Nan da nan waɗannan alkaluma ke shiga manyan kwamfutocin hasashe na Turai da Amurka da Japan da sauransu. Daga can manhajarka ke samun abin da take faɗa maka. A 2020 da korona ta tsayar da jiragen sama, bayanan da jiragen ke aikowa daga sararin sama sun ragu da kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, kuma masu hasashe sun ji a jikinsu.

Injiniya Hauwa: Allah ya ƙara lafiya, Malam. In ƙara a kan batun tauraron ɗan'adam. Tauraro ba ya tara ruwa a kwalba, ƙiyasi yake yi daga sanyin saman gajimare ko daga hasken da ɗigon ruwa da ƙanƙara ke mayarwa. Sai an gwada ƙiyasin da ma'aunin da ke ƙasa kafin a san ko ya yi daidai. Inda babu ma'auni, ba mai iya cewa ya wuce ko ya gaza.

A ɓangarenmu na koguna abin ya fi wuya. Sandar awo da ake kafawa a bakin kogi tsayin ruwa kawai take nunawa. Abin da injiniya ke buƙata shi ne yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Dole a shiga kwale-kwale ko a tsaya kan gada, a auna zurfi da saurin ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, a lokacin ƙarancin ruwa da lokacin cikowa, har a samu lissafin da ke haɗa tsayi da yawa. Ambaliya ɗaya za ta iya kwashe yashin ƙasan kogin ko ta jibge sabo, lissafin ya lalace, a koma a sake. Idan aka shekara da shekaru ba a sake ba, za ka ga littafi cike da lambobi masu kyan gani amma ba su da alaƙa da kogin. Wannan aiki ba sabo ba ne: ma'aunin Kogin Nilu da ke tsibirin Rauda a Alƙahira tun shekarar 861 aka gina shi, da shi ake sanin yadda noman shekara zai kasance, har a tsayar da haraji.

Bashir: Na ji, Baba Sabo, na ji, Anti Hauwa. Amma duk wannan hasashen gobe da jibi ne. Ni maganar sauyin yanayi nake yi.

Dakta Nura: Bashir, wa ya gaya maka duniya na ɗumama? Ba ina musu ba ne, tambayar asalin labarin nake yi. Da aka ce 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, ta zarce matsakaicin zafin shekarun 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.55, daga ina aka san zafin 1850? Daga littattafan mutane irin su Malam Sabo, a tashoshin ƙasa da cikin jiragen ruwa. Iyakar ƙaruwar zafi ta digiri 1.5 da 2 da ke cikin Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi ba ta da ma'ana in babu abin gwada ta. A 1958 Charles David Keeling ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa na Hawayi, a wata tashar hukumar yanayi ta Amurka. Ya samu kusan kashi 315 cikin miliyan, yau ta haura 420. Kwamitin masana sauyin yanayi na duniya, wato IPCC, ma, Hukumar Yanayi ta Duniya wato WMO ce ta kafa shi a 1988 tare da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kuma hasashen gobe da sauyin yanayi ma'auni ɗaya ne ke ciyar da su. Bambancin tsawon lokaci ne. Kafin a ce ga yadda yanayin wuri yake, sai an tara shekara 30, yanzu ana amfani da 1991 zuwa 2020. Tashar da aka rufe shekara biyar a tsakiya, ba kuɗin da zai dawo da waɗannan shekarun.

Ga kuma abin da ya shafi haƙƙi. A taron sauyin yanayi na duniya, COP27, na 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna. Masu binciken da ke gano ko ɗumamar duniya ce ta tsananta wani fari ko wata ambaliya, tarihin awon wurin suke dubawa. Sau da dama a ƙasashe matalauta sukan ce bayanan ba su isa a yanke hukunci ba. Ka ga ke nan wanda ya fi shan wuya shi ne ya fi rashin hujja.

Hajiya Talatu: Dakta, duk na yarda, amma kada mu yi wa awo kirarin da ya wuce shi. Ni aikin agaji nake yi, kuma abin da ke ci mini rai shi ne mutanen da suka mutu alhali an san ruwan na zuwa.

Darna ta Libiya, Satumban 2023. Cibiyar yanayi ta ƙasar ta yi gargaɗi kwana uku kafin guguwar Daniel. A garin Baida an auna sama da milimita 400 cikin kwana guda. Madatsun ruwa biyu da ke saman Darna suka fashe cikin dare, sama da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai suka ɓace. Kada a ce don ƙasar na cikin rikici ne kawai. Jamus, Yulin 2021, an yi hasashen ruwan kwanaki kafin ya sauka, duk da haka sama da mutum 180 suka rasu, mafi yawa a kwarin kogin Ahr. Sai bayan nan ƙasar ta kafa tsarin tura gargaɗi kai tsaye ga duk wayar da ke yankin haɗari. Balensiya ta Sifaniya, 29 ga Oktoban 2024: hukumar yanayi ta ɗaga jan gargaɗi tun da safe, amma saƙon hukumomin yankin bai shiga wayoyin mutane ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin ruwa ya riga ya rutsa da mutane a motoci da ƙasan gine-gine. Sama da 200 suka tafi.

Ku dubi Bangaladash kuma. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kusan 138,000. A 2020 da guguwar Amphan ta tunkaro, an kwashe sama da mutum miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka rasu a ƙasar gommai ne. Hasashe ya inganta, gaskiya ne, amma abin da ya ceci rayuka shi ne dubban 'yan sa-kai da ke bi gida-gida da lasifika, da tutocin gargaɗi da kowa ya san ma'anarsu, da ginin da za a gudu a fake a ciki.

Malam Sabo: Hajiya, a misalanki uku na farko hukumar yanayi ta yi nata. Ba ita ke da ikon cewa a rufe hanya ko a tashi unguwa ba.

Hajiya Talatu: Malam, ba zan wanke ku gaba ɗaya ba. Idan kuka ce "za a samu milimita 80", uwa mai yara huɗu me za ta yi da wannan? Ku ce mata ruwan zai kai gwiwa a unguwannin da ke gefen rafi kafin asuba, kada a bi gadar ƙasa, a kwashe tsofaffi tun da rana. Kuma ku faɗa da harshen da take ji, ta rediyo ko ta bakin wanda ta yarda da shi.

Injiniya Hauwa: Nan ne gizo ke saƙa. Kafin a iya cewa ruwa zai kai gwiwa, sai mai hasashen sama da mai awon kogi da mai riƙe da ƙofar madatsa da hukumar agaji sun zauna a teburi ɗaya. A ƙasashe da yawa kowannensu na ƙarƙashin ma'aikata daban, wani ba ya ganin alkaluman wani sai da takarda. Ruwan da ya sauka a kan tudu da yamma ba zai jira a sa hannu a wasiƙa ba.

Malam Sabo: Wannan haka yake. Akwai kuma tsoron da ke zuciyar kowane mai hasashe: ka ce a tashi, a tashi, ruwan ya karkata wani wuri, gobe ba mai saurarenka. Maganinsa a riƙa gaya wa jama'a gaskiya, cewa yiwuwar abin kashi kaza ce, kuma in bai faru ba a fito a yi bayanin dalili. Shirun da ake yi bayan hasashe ya saɓa shi ke kashe amana.

Zainab: Don Allah Dakta, ina da tambaya a matsayina na ɗaliba. Na karanta cewa ƙirƙirarriyar basira yanzu na yin hasashe cikin mintuna, har tana doke manyan kwamfutoci. Ba za ta cike gurbin tashoshin ba?

Dakta Nura: Ƙanwata, abin da kika karanta gaskiya ne. Tsarin hasashe na GraphCast na Google da ya fito a 2023 ya nuna haka, cibiyar hasashe ta Turai ma ta fara amfani da nata a 2025. Amma a kan me aka koya musu? A kan tarin bayanan shekaru kusan arba'in da aka haɗa daga tashoshi da balan-balan da jirage da taurari. Kuma kullum sai an ba su yanayin yau kafin su faɗi na gobe. Yankin da ba a auna shi da kyau ba, koyon da suka yi a kansa ma rauni gare shi. Sun rage tsadar lissafi, kuma wannan alheri ne ga ƙananan hukumomi, amma ba su rage buƙatar awo ba.

Alhaji Garba: Ni ɗan lissafin kuɗi ne, ku bar ni in taɓo inda ke ciwo. A 2022 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya ƙaddamar da shirin gargaɗi da wuri ga kowa, da burin kowane ɗan'adam ya shiga ƙarƙashin tsarin gargaɗi kafin ƙarshen 2027, aka ƙiyasta dala biliyan 3.1. A lokacin kusan rabin ƙasashen duniya ba su da cikakken tsari. Wani rahoto na 2019 ya ce gargaɗin awa 24 kacal na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari. In haka ne ribar a bayyane take. To me ya sa har yanzu tashoshi ke mutuwa?

Malam Sabo: Alhaji, domin sayen kaya ana ɗaukarsa hoto, gyaransa kuwa ba mai gani. Na ga an kawo mana tashoshi masu sarrafa kansu ta wani shirin tallafi, aka yi bikin ƙaddamarwa. Da wa'adin shirin ya ƙare, batir ya mutu a wata, ƙura ta rufe farantin solar wata, gizo-gizo da ganye suka toshe mazurarin wata har ta riƙa aiko sifili ana tsakiyar ruwa. Wasu kuma lafiyarsu lau, kuɗin layin da suke tura bayanai ne ya ƙare. Babu ko kwabo a kasafi na man motar da za a je a duba. Mafi ciwo, an riga an sallami masu karanta tsohon ma'aunin hannu, ana cewa na'ura ta maye gurbinsu. Sai aka rasa duka biyun. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake yi: sai ambaliya ta auku a fara tambayar ina alkaluma.

Alhaji Garba: Shi ya sa wasu hukumomin ke sayar da bayanansu, su samu na gyara. Ni ban ga laifinsu ba.

Dakta Nura: Ni na ga illarsa, Alhaji. Abin da ake samu daga sayarwar bai taka kara ya karya ba, amma ɗalibi irin Zainab da ƙaramin kamfani da mai tsara magudanun gari duk sai su haƙura su koma ga ƙiyasin tauraro. Kamfanonin jiragen sama su biya kuɗin hidimar da ake musu, wannan daidai ne. Awon da aka yi da harajin jama'a kuwa na jama'a ne. A 2021 ƙasashen WMO suka amince a riƙa musayar muhimman bayanai kyauta, suka kuma tsayar da mafi ƙarancin tashoshin da kowace ƙasa za ta riƙe: ta ƙasa a duk kilomita 200 tana aikowa kowace awa, ta balan-balan a duk kilomita 500 sau biyu a rana. Abin da ke zuwa daga ƙasashe mafi talauci da ƙananan tsibirai bai kai kashi 10 cikin ɗari na wannan ba.

Bashir: To nan ma ina da ja. Ƙasa matalauciya ta ciyo bashi ta sayi na'ura, ta biya ma'aikata, ta miƙa bayanai kyauta. Cibiyoyin ƙasashen da suka gurɓata sararin su inganta hasashensu, kamfanoninsu su saka a manhaja su sayar. Ina adalcin?

Dakta Nura: Wannan ƙorafi na da tushe, kuma an yi shi a zaurukan taron ma. Iska ba ta tsayawa a kan iyaka. Balan-balan da aka saki a wata nahiya yana gyara hasashen wata nahiyar bayan kwana uku ko huɗu, saboda haka wanda ya amfana ya kamata ya biya. Dalilin kafa asusun SOFF na tallafa wa tashoshin awo ke nan a taron COP26 na 2021. Abin da ya bambanta shi, an tsara zai ci gaba da tallafa wa gudanar da tasha muddin bayananta na isa ga duniya, ba sayen kaya a juya baya ba. Kuɗin da ke ciki bai kai buƙata ba, wannan kuwa sai a ci gaba da matsa wa masu hali.

Injiniya Hauwa: A ruwa ma ba kuɗi ne kaɗai ba, akwai siyasa. Sama da koguna 260 ne ke ratsa ƙasa fiye da ɗaya, kuma gwamnatoci da yawa na ɗaukar awon kogi kamar sirrin tsaro. Sai a 2020 Sin ta amince ta riƙa bai wa ƙasashen ƙasan kogin Mekong bayanan ruwa duk shekara, a da na damina kawai take bayarwa.

Bashir, ban manta da solarka ba. Wanda zai kafa gonar sola ko injinan iska, abu na farko da banki zai tambaye shi shi ne tarihin hasken rana da ƙarfin iskar wurin. Madatsar lantarki kuwa kacokan a kan awon kogi take tsaye. Dubi Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe: da ruwanta ya ja baya a ƙarshen 2022 da kuma 2024, ƙasashen biyu sun sha duhu. A 2023 fari ya sa an rage jiragen da ke bi ta mashigin Panama, saboda da ruwan tafki ake ɗaga su. Itatuwan da kake son a dasa ma, in ba a san yawan ruwan da wurin ke samu yanzu ba, ba na shekara hamsin baya ba, rabinsu bushewa za su yi. Kowace gada da kwalbati ana gina su ne bisa lissafin ambaliyar da ake tsammani sau ɗaya a shekaru masu yawa, kamar 50 ko 100. Wannan lissafin yana sauyawa a idonmu, kuma ma'auni ne kaɗai zai nuna da nawa.

Bashir: Na karɓi wannan, Anti. Amma ina nan a kan abu ɗaya: kada masu fitar da hayaƙi su ba mu ma'auni da lasifika, su ce sun sauke nauyi. Gargaɗi na ceton rai, ba ya dawo da gonar da teku ya cinye.

Hajiya Talatu: A kan wannan ba mai ja da kai.

Zainab: Baba Sabo, gurbin da Dakta ya ce ba a iya cikewa, tsofaffin littattafan fa? Na ji a Ingila lokacin kullen korona na 2020 'yan sa-kai kusan 16,000 sun kwafe awon ruwan sama fiye da miliyan 5 daga tsofaffin takardu cikin kwana 16. Mu ɗalibai za mu iya irin wannan?

Malam Sabo: Za ku iya, 'yata, kuma da gaggawa, domin a ma'ajiyoyi da yawa gara da laima na cin takardun. Ku fara da neman izinin hukumar da ke da su a rubuce. Ku ɗauki hoton kowane shafi tun daga bango, domin a nan ake rubuta sunan tasha da inda take da ranar da aka matsar da ita ko aka sauya ma'auni. Ku duba ko da inci aka rubuta ko da milimita, tsofaffin da yawa da inci ne. Mutum biyu su kwafi shafi ɗaya kowa daban, sannan a gwada. In kun ga lambar da ta yi muku yawa, kada ku gyara, ku kwafe ta yadda take ku sa mata alama. Inda ma'aikacin ya bar gurbi, ku bar shi gurbi, kada ku sa sifili.